Turkuɗi a Hanyar Rabah

Da kaka aka kai ni Wurno, bayan an gama ɗaurin gero. Ɗan Gwaggo na aura, wato ɗan yayar mahaifina, saboda haka ban shiga gidan a baƙuwa ba. Tun ina ƙarama takan zo mana Goronyo da tsarabar faifai da albasa, ta yi kwana biyu ko uku ta koma. Na ɗauka na san ta sarai. Sai da bazara ta shigo na ga ashe da sauran abin da ban sani ba.

Bazarar ƙasarmu ba ta da wasa. Kafin hantsi ya dubi ludayi ƙasa ta ƙi takuwa ba takalmi. Kaji su buɗe baki, su saki fukafukai a gindin rumbu. Bangon ɗaki ya sha rana har in ka jingina da shi da la'asar sai ka zabura. Mata a tsakar gida kowa da ɗaurin ƙirji, kai ba kallabi, wuya duk ƙurajen zafi, ana aiki ana susa. Ba mai ganin laifin wani, don duk halin ɗaya ne.

Ban da Gwaggo. Ita baƙa ce siririya, ba ta da tsawo, tana da 'yar wushirya. Daka da surfe da girki duk tare muke yi, ba ta taɓa zama ta bar mini aiki don tana uwar miji ba. Amma in muka gama, ni na fito kamar an tsamo ni daga rijiya, ita kuwa ta kewaya bayan ɗaki ɗan lokaci kaɗan, sai ka gan ta ta fito fes, da farin zane, idonta da kwalli, ta zauna inuwar zaure na ciki da mazarinta da maficinta kamar wadda ba ta taɓa ganin murhu ba. Zannuwanta duka huɗu ne. Na sani, don ni nake ninke su. Uku farare, ɗaya mai ratsin baƙi, kuma duk da hannunta ta kaɗa zarensu.

Na yi ta kallon yadda take yi, don kunya ba ta barina in tambaya. Tana da wata randa a bayan ɗakinta, ƙarƙashin 'yar rumfa, wadda ba a shan ruwanta. A ciki take jiƙa saiwar jema, ciyawar nan ta fadama mai ƙanshi, da shi take wanka safe da azahar. Ƙwarya biyu ta ishe ta, don ruwa daga rijiyar unguwa ake ɗebo shi, ba ta yarda a yi ɓarna. Da zafi ya kama sai ta kira mai kitso a tsefe mata, a yi mata ƙanana masu hawa sama zuwa tsakar ka, ƙeya ta zauna a buɗe. Man shanu kuwa sai bayan magariba take ɗan lakato shi da yatsa, ta shafa a dunduniya da gwiwar hannu, shi ke nan. Turare ba ta sa shi a jiki. Da sassafe take zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa kajiji, ta kifa kwando a kai, ta shimfiɗa zanen da za ta ɗaura ranar a kan kwandon har hayaƙin ya ratsa shi. Duk kwana bakwai tana ƙunsa lalle a tafin ƙafa, ta ce yana janye zafi daga jiki.

Haka take yi wa Baba, wato mijinta. Tsoho ne mai noman albasa, duk mako yana fadama da ɗan bante da malafa, ƙafa duk taɓo. Amma ran Juma'a wanzami zai zo da hantsi ya yi masa aski ƙwal, ya gyara masa gemu, Gwaggo ta fito da farar rigarsa da ta kwana a ninke ƙarƙashin tabarmar da suke kwana a kai, ta miƙe sumul. In ya sa ta ya naɗa ɗan rawaninsa marar nauyi, sai ta zagaya shi tana jan nan tana daidaita can, tana faɗa.

"Tsaya mana, malam. Kai ko yaro ya hi ka haƙuri."

"To ai na tsaya. Masallacin za shi jira na?"

"Shina jira. Ɗaga hannu."

Shi kuwa sai ya ɗaga, yana murmushi yana kallon sama.

Shekarun nan ana cikin yaƙin da Turawa suka yi a can, wanda aka ɗebi samarinmu soja. Yadi ya yi wuya ƙwarai. Akoko ma, farin yadin nan da ake rainawa, sai mutum ya je kanti a Sakkwato ya yi ta sintiri bai samu ba, masaƙa kuma suka ga kasuwa. Duk da haka sai da aka sa mini atamfa guda a lefe, mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye. Mahaifina kuma ya haɗa mini da turkuɗi, baƙin zanen nan da aka rina aka sake rinawa, aka buge shi da shuni har yana walƙiya kamar bayan ƙwaro. Ga jigida ɗauri goma sha biyu, ga mundaye na ƙarfe, ga murjani. Duk suna cikin adudu a ƙuryar ɗakina. Wani lokaci in ba kowa sai in buɗe in shinshina in mayar. Shekaruna ba su wuce goma sha bakwai ba, kuma tun ranar buɗar kai ban sami inda zan sa su a gan ni ba.

Sai ga saƙo daga Rabah, yayar maigidana da ke aure can ta sauka lafiya, haihuwarta ta uku, namiji. Gwaggo ta ce da ni za a je suna, dangin da ke can su ga amarya. Za mu tashi ana gobe suna, da asuba, maigidana ya raka mu da jakai biyu.

Ban tsaya wata-wata ba. Kwana biyu kafin tafiya na sa aka yi mini doka, irin kitson nan mai tudu da ake cusa tsumma a ciki don ya tashi, aka cika shi da man shanu da shuni har yana ƙyalli. Gwaggo ta gani, ta ce ya yi kyau, ba ta ƙara ba. Ranar tafiya, tun kiran assalatu na tashi. Na ɗaura atamfa a ciki, na ɗora turkuɗi a kai, na zuba jigidar duka goma sha biyun, na sa mundaye hannu da ƙafa, na cika ido da kwalli har waje, na shafe jikina da mai, sannan na lulluɓa da mayafi mai kauri. So nake in shiga Rabah a tsaya ana tambayar ɗiyar wa ce.

Da na fito, gari bai gama wayewa ba, maƙwabta mata biyu uku sun shigo sallama da ba da saƙo. Gwaggo na tsaye da farin zanenta da mayafi shara-shara. Ta matso kusa da ni kamar za ta gyara mini lulluɓi, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗiyata, mi kinka sanya haka?"

"Kayana, Gwaggo."

"Na gani. Da kin ƙunshe su, in munka isa ki sanya. Rana za ta yi yau."

"Ba su da nauyi, Gwaggo."

Ta dube ni, ta dubi matan da ke tsaye, ta ce, "To. Allah shi kai mu lahiya." Ta koma ɗaki ta ɗan jima, ta fito da ƙunshinta ya ɗan ƙara girma, muka kama hanya.

Da farko daɗi na ji. Iskar asuba na kaɗawa, mundayena na ƙara duk takun jaki, maigidana na tafe a ƙasa yana kora, yana satar kallona in ya ga hankalin uwarsa na wani wuri. Muka wuce gonaki fayau, ba komai sai kututturen kara da gawo jefi-jefi.

Rana na ɗagowa labari ya sake. Abin da ya fara shi ne jigida, ta jiƙe ta kama cizon ƙuguna. Sai mundaye suka ɗauki zafi, ina jin su kamar yanzu aka ciro su daga maƙera. Sai na ji wani abu na gangarowa ta bayan kunnena, na sa yatsa na shafo, na ga baƙi mai maiƙo. Man dokar ne ya narke ya haɗu da shuni. Na ja mayafi na rufe. Gwaggo ta miƙo mini gorar ruwa.

Da mun yi ta tafiya haka, wataƙila da na daure har Rabah. To, sai muka tarar da motar wani Bature mai yawon rangadi ta kafe a rairayi a tsakiyar hanya. Masinjansa na tare duk namijin da ya zo wucewa a tura. Ya yafuto maigidana, ba halin ƙi. Muka tsaya a kan jakai, wurin ko inuwar kara babu. Baturen na tsaye gefe da gajeren wando, ga wata safa mai kauri ya ja ta har gwiwa, ga takalmi sau ciki, wuyan riga a ɗaure. Fuskarsa da gwiwoyinsa sun yi jajawur, yana ta share wuya da ƙyalle. Ni ban taɓa ganin Bature kusa haka ba. Gwaggo ta ƙare masa kallo ta gefen mayafi, ta girgiza kai.

"Allah sarki," in ji ta. "Ya ruhe inda za shi buɗe, ya buɗe inda za shi ruhe. Ba shi da mai gaya mai."

Na so in yi dariya, amma kaina ya riga ya fara juyawa. Aka daɗe ana haƙa ana sa kara ƙarƙashin taya kafin motar ta fita. Da muka ci gaba, ban ƙara sanin inda muke ba sosai. Ina ganin kunnuwan jaki suna zama huɗu suna komawa biyu. Abin da na tuna shi ne muryar Gwaggo tana ce wa ɗanta, "Ratse muna bakin gulbi. Yanzu."

Ba mu da nisa da Rabah a lokacin, ana hango itatuwan garin. Gulbi ya janye, saura rairayi da 'yan tafkuna nan da can. Akwai wata tsamiya babba a gaɓa, a nan suka sauke ni. Gwaggo ta kwance ƙunshinta, ta ce wa maigidana ya kai jakai su sha ruwa can ƙasa, ya zauna can, kada ya dawo sai ta kira, kuma in ya ga wani na nufo nan ya ce mata na wanka.

Ya tsaya yana duban fuskata, hankalinsa a tashe. "Inna, ko in tai gari in samo…"

"Rana ta, ba wani abu ba. Tahi."

Da ya tafi ta yaye mini mayafi. Ban ga kaina ba, amma na ga hannuwana da ƙirjina. Turkuɗin ya zuba, shuni ya bi duk inda zufa ta bi, layi-layi, har cikin atamfar. Kwalli ya gangaro kumatu. Ƙuguna ya yi ja ya kumbura inda jigida ta ci. Sai kawai na fashe da kuka. Ba zafin ne ya sa ni kuka ba, tunanin yadda da zan shiga gidan suna a haka ne, gaban mutanen da ba su taɓa ganina ba.

Gwaggo ba ta ce in yi shiru ba. Ta ɗaura mayafinta a reshe ya zama labule, ta tona rairayi da ƙoƙo kusa da ruwa har ruwa mai sanyi ya tsattsafo, ta jira ya kwanta, ta ɗebo. Ta fara ba ni na sha, ta zuba mini a ƙeya da tafin ƙafa. Sannan ta zare mundayen ɗaya bayan ɗaya, ta kwance jigidar, ta warware zannuwan ta shanya turkuɗin a inuwa, ta ce rana na kashe masa ido. Ta zauna a kan saiwa, ta sa ni tsakanin ƙafafunta kamar 'yar yaye, ta ciro tsinke ta hau tsefe dokar da aka wuni ana yi. Tsumman da ke ciki da ta zaro shi har tururi yake.

A ƙunshin nan da na ga ya ƙara girma ashe sabulun salo ne, da mataji, da tandun kwalli, da ɗan ƙullin farar ƙasa, da farin zanenta mafi sabunta, wanda na san ta tanada don ranar suna. Tun a gida ta shirya wa abin da ta san zai faru.

Ta wanke mini kai sau uku. Ta cuɗa mini wuya da baya da soso har fata ta yi zafi. Shunin ya fita, amma ba duka ba, ya bar wani shuɗi-shuɗi a wuyana da bayan kunne. Ina ta sheshsheƙa, na ce, "Gwaggo, don mi ba ki hana ni ba tun gida?"

"Na hwaɗi sau guda."

"Da kin matsa."

"Da na matsa da kin tuɓe, na sani, ke ɗiya ta mai jin magana. Amma da kin taho kina cewa cikin ranki tsohuwa ta hana ki ado ran da za ki shiga dangi. Ga kuma mata tsaye suna kallo." Ta ja wani gashi da mataji, na ce wash. "Yi haƙuri. Bari in ba ki labari. Shekarar da anka kawo ni Wurno, anka yi wani buki nan unguwarmu, da bazara kamar wagga. Abin da kinka yi yau kaɗan na bisa ga wanda ni yi. Ni har da katambiri na zane huska. Ina shiga cikin mata, uwar mijina, Allah shi jiƙanta, ta taso ta kama haɓata, ta sa bakin zanenta ta goge min goshi, ta nuna ma mutane, ta ce, 'Ku duba min, marina ta taso da ƙahwarta.' Anka yi ta dariya. Ba da mugunta ta yi ba, haka bakinta yake. Amma har yau in na ruhe ido ina iya gaya miki wa da wa ke zaune wurin, da inda kowa ya zauna. Ran nan ni ce, in Allah ya ba ni ɗiya ko suruka, ba mai ganin gyaranta sai ni."

Ta faɗi wannan hannunta bai tsaya ba. Kafin in ankara ta kitsa mini guda takwas masu hawa sama, irin nata. Na ji iska ta taɓa ƙeyata, wani sanyi ya bi ta bayana har ƙafa. Ta jiƙa farar ƙasa ta shafa mini siriri a ƙugu da ƙarƙashin hammata inda ya yi ja. Ta ɗaura mini farin zanen. Ban taɓa sanin haka yake ba sai ranar, ba nauyi ko kaɗan, iska na shiga tana fita, ga ƙanshin kajiji. Ta zaɓi jigida ɗauri ɗaya ta mayar mini, sako-sako. Ta sa mini murjanin a wuya, ta ce shi ba ya ɗaukar zafi. Kwalli kuwa sau ɗaya ta ja a kowane ido. Ta ɓare goro ta ba ni rabi, ta ja da baya ta dube ni.

"Awo," ta ce. "Yanzu ana ganin ɗiyar ƙanena. Ɗazu kaya ɗai ni gani bisa jaki."

"To ke Gwaggo, mi za ki sanya gobe?"

"Wanga na jikina mi ya yi?"

Ta sa na tsaya mata a bakin labule, ta yi wanka, ta wanke zanen da ta yi tafiya da shi ta shimfiɗa a kan rairayi mai zafi ta danne gefunansa da duwatsu. Kafin mu gama shan furar da muka taho da ita ya bushe ƙayau. Ta ninke shi ta zauna a kai ɗan lokaci, ta ɗaura. Atamfata ma ta ɗauraye ta tun shunin bai kama ba, Allah ya taimaka ruwan ganye ne, tabon bai fito ba.

Da ta kira maigidana ya zo da jakai, ya tsaya turus. Ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna uwarsa na wurin, sai ya juya ya kama gyaran akumarin da ba abin da ya same shi. Gwaggo ta ce, "Ɗaure shi da kyau, kak ka ɗaure kunnen jakin." Har ƙeyarsa sai da ta nuna kunya.

Bayan azahar muka shiga Rabah. Gidan cike da mata, kowa na fifita, ana ta fama da yara masu kukan zafi. Aka yi mana maraba, aka kai mu ɗakin mai jego, aka miƙo mini jariri. Ba wanda ya tsaya tambayar ɗiyar wa ce don ya ga kaya. Amma na ji wata na ce wa ta kusa da ita, "Amaryar Wurno kamar ba ta biyo rana ba." Wata tsohuwa mai ido, kakar mijin mai jego, ta jawo ni ta leƙa bayan kunnena.

"Ke amarya, wanga shuɗi hwa?"

Kafin in sami abin cewa Gwaggo ta amsa daga inda take zaune.

"Turkuɗin da ubanta ya yi mata na. Ƙanena ba shi rowar shuni. Gobe in rana ta yi sanyi kwa gani."

Tsohuwar ta ce, "Ah, lalle ɗiyar gata ta," ta sake ni.

Washegari da safe maza suka raɗa suna, aka yi ta hidimar abinci, ni da farin zanen ina ta kai da kawowa. Na riga na fid da rai da kayana, na ma ji ba na son ganinsu. Amma da la'asar ta yi sakaliya, inuwa ta rufe tsakar gida, masu kiɗan ƙwarya suka zauna, sai Gwaggo ta yafuto ni ɗaki. Ta fito da atamfar, ta kwana a ninke ƙarƙashin tabarma, ta sha hayaƙin turare.

"Ɗaura."

"Gwaggo, a bar shi."

"A'a. Ubanki da mijinki ba su sha wahalar nemo shi don shi zauna cikin adudu ba. Jiya ba lokacinshi na ba, yanzu lokacinshi na. Ɗaura."

Na ɗaura atamfar ita kaɗai. Turkuɗin ta ninke shi uku ta ɗora mini a kafaɗa ɗaya, a kan mayafi, yadda ba zai taɓa fata ba, ta juyo da gefen da bai zuba ba waje. Ta ba ni munduwa ɗaya a kowane hannu. Na fita. Ranar na ji guɗa a kaina har kunnena ya yi zafi, 'yan mata suka kewaye ni suna taɓa tsuntsayen da ke jikin atamfar, tsohuwar nan ta jiya ta tashi da sandarta ta yi mini taku biyu. Na waiwaya na hango Gwaggo a bakin ƙofa da zanenta na tafiya, wanda ta sake wankewa da safe, tana fifita tana taunar goro, wushiryarta a waje.

Da muka koma Wurno ta aika da turkuɗin wurin mabuga suka mayar masa da ƙyallinsa. Ba ta taɓa ba wa kowa labarin gindin tsamiya ba, ko Baba. Maigidana ma sai bayan shekaru, muna da 'ya'ya, ya fara tsokanata da shi. Sauran bazarar ta koya mini kaɗa zare siriri. Na farko da na yi duk ƙulli ne, masaƙi ya dawo da shi ya ce sai dai a yi gwado. Gwaggo ta ce to a yi gwadon, sanyi ma na zuwa. Sai a shekara ta biyu na sami zanen da na kaɗa da hannuna.

A bazarar nan ta farko, gab da faɗuwar ruwa, aka bar ni na je ganin gida Goronyo. Na iso da rana tsaka, na tarar da mahaifina a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, mayafina ya zame daga kaina. Ya amsa gaisuwar rabi, sai ya tsaya yana kallona, har na tsargu na ja mayafin.

"Wa ya yi miki kitson ga?"

"Gwaggo ta, Baba."

"Da ƙanshin ga na zane?"

"Ita ta koya min."

Ya ajiye fartanyar. Ya ce haka tasu uwar take yi da bazara, kitson da turaren duka, kuma yana ɗan shekara bakwai ta rasu, Gwaggo ce ta ƙarasa rainonsa. Ya ce ya manta kamannin fuskarta tuntuni, amma yanzu da na shigo sai ya ji kamar ita ce ta wuce ta zauren. Ban taɓa jin ya ambaci mahaifiyarsa ba sai ranar. Ya sa bakin riga ya share ido, ya ce rana ce ta dame shi, ya ce in shiga ciki innata na jira.

Da zan koma, ya je fadama da kansa ya tono saiwar jema dami guda, ya wanke ta, ya ɗaure a bayan jaki, ya ce in kai wa yayarsa.